Motar da na mora kwana tara

Ranar da na je ɗaukar motar, bonet ɗinta da ɗumi. Na dafa shi ina zagaya ta, na ji ɗumin a tafin hannuna, ban kawo komai a raina ba. Ƙarfe goma na safe ne, kuma a inuwa take. Yaron Alhaji, dilan motocin, ya ce ya ɗan tayar da ita ne don ta warware. Da yanzu ne, a nan zan ce musu sai gobe, in dawo da sassafe in murza makullin da hannuna tana sanyi. Injin da ya kwana ba ya iya ɓoye ciwonsa. Wanda aka ɗumama kafin ka iso, an riga an koya masa abin da zai faɗa maka.

Ba da ka na je ba. Na tafi da wani abokina da ya ɗan san mota. Ya zaro sandar awon baƙin mai, man garau, sabon zubi. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ba ɗigo ko ɗaya. Muka hau muka zaga, kilomita goma sha wani abu, giya na shiga lafiya, babu fitilar da ta kama a dashbod. Aka yi ciniki, aka sallama, na tura kuɗi ta banki, aka rubuta rasit. A ƙasan rasit ɗin akwai hatimi da jan tawada, cewa kayan da aka saya ba a dawo da shi. Na gan shi sarai, na sa hannu. Kafin in fita daga filin na ɗauki hoton dashbod na tura wa uwargida, don kawai in burge ta. Mitar tafiya tana kan kilomita 148,212. Wannan hoton na fariya, daga baya ya fi min rasit ɗin amfani.

Kwana huɗu da saye na buɗe bonet don in kalli abina, sai na ga ruwan robar lagireto ya sauka ƙasa da layi. Na ƙara ruwa na rufe. Ban kira kowa ba, ban ɗauki hoto ba, ko a gida ban faɗa ba, gudun kar a ce tun yanzu. A rana ta tara na cika tanki da safe na kama hanya. Ban yi nisa ba allurar zafi ta haura rabi ta doshi ja. Maimakon in tsaya nan take, sai na ce bari in ƙarasa inda zan samu wurin fakawa mai kyau, wajen kilomita biyu a gaba. Kafin in kai farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, inji ya yi ta karkarwa, ya mutu. Da ya huce na buɗe murfin baƙin mai, sai ga wani kumfa mai kauri a ƙasansa, kamar an dama madara da laka.

Ina tsaye bakin titi na kira Alhaji. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Subhanallahi, Allah Ya kiyaye gaba. Amma Malam, mota ta hannu ka saya fa, ba sabuwa ba. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ka duba, abokinka ya duba, kun hau kun zaga. Ka sake karanta rasit ɗinka." Sai ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Janwe ta kai ta garejin bakanikena. Ko minti biyar bai yi ba ya ce, "Maigida, gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone. Bari yara su sauke tof ɗin, wato kan injin, mu ga ko ya lanƙwashe." Yaro har ya ɗauko sifana, sai ga kiran Yaya. Uwargida ce ta tsegunta mata. Yayata lauya ce, kuma rigingimun ciniki su ne abin da take yi kullum.

"Kana ina? An taɓa injin?"

"Yanzu za a buɗe, Yaya."

"Ka ce su ajiye sifanar nan. Ko noti ɗaya kar a kwance. Da zarar bakanikenka ya buɗe injin nan ka ba Alhaji amsar da zai yi ta maimaitawa har ƙarshe: lafiya na ba shi, bakanikensa ne ya ɓata. A tura ta gefe, a kulle, ka taho da makullin."

Bakanike bai ji daɗi ba, don aiki ne ya suɓuce masa, amma ya tura ta ƙarƙashin rumfa.

Da daddare na je gidanta cike da magana. Na fara da cewa mutumin nan macuci ne, ta ɗaga min hannu. Ta ce ko macuci ne ko waliyyi ne, a wannan gaɓar doka ba ta tambaya. Tambayar guda ce: ranar da ya miƙa maka makulli, ciwon nan yana jikin motar ko babu? Idan yana nan, nauyin na kansa ne, ko ya sani ko bai sani ba. Idan kai ka jawo shi bayan ka fita, naka ne. A lokacin maganar ta yi min sanyi da yawa. Ni so nake a kama ɓarawo, ita kuma tana min lissafin kwanaki.

Ta karɓi rasit ɗin ta duba sunan da ke kai, ta duba sunan asusun da na tura wa kuɗi. Duka sunan kamfanin ne. Ta ce alhamdulillahi, don a nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a fara ba. Wanda sayar da mota ce sana'arsa, dokokin ƙasashe da yawa suna ɗora masa alkawarin da ba sai an rubuta ba: kayan su yi ingancin da mai hankali zai zata bisa shekarunsu da kuɗinsu, su yi aikin da aka saye su dominsa, su kuma dace da yadda aka siffanta su. Amma idan maƙwabcinka ne ya sayar maka da motar hawansa, galibi abin da ke kansa shi ne motar ta zama tasa, kuma kar ya faɗa maka ƙarya a kanta. Shi ya sa wasu dilolin, da zarar rigima ta taso, sai ka ji sun ce ai motar wani ce aka kawo a sayar, su dillalai ne kawai. Wanda ya tura kuɗi asusun wani yaro, aka rubuta masa rasit a fallen takarda ba suna, ya shiga uku.

Na kawo mata maganar rariya. Ta yi dariya ta ce Alhaji ya faɗi rabin gaskiya. Mota mai shekara 11 da ta ci kilomita dubu 148, idan birki ya cinye, ko batir ya gaji, ko wani roba ya tsage, waɗannan su ne hujojin rariya, da kuɗinka ka saye su, kuma babu alƙalin da zai saurare ka. Amma injin da ke shanye ruwansa ya mutu a kwana tara, wannan ba tsufa ba ne, aibi ne. Batun cewa mun duba kuma, ta ce tun tsohuwar dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda ƙasashe da dama da Turawan Ingila suka mulka suka gada, an warware shi: mai sayen da ya duba kaya yana rasa haƙƙinsa ne a kan aibin da dubawar ya kamata ta nuna masa. Tsatsa a ƙofa, fasasshen gilashi, taya da ta suɗe, duk ka gani ka yarda. Abin da ke can cikin inji, leƙen abokina ba zai kai gare shi ba.

"To jan hatimin fa, Yaya? Na sa hannu."

Ta ce wannan kam sai mutum ya san dokar inda yake, don ba ɗaya ba ne ko'ina. A Amurka jihohi da yawa sun yarda dila ya sayar da mota a yadda take, ba garanti, kuma tun 1985 doka ta wajabta masa ya manna takarda a gilashin motar da ke bayyana ko da garanti ko babu. Wanda ya saya a haka hanyarsa ƙunci ce, sai dai in ya kama dilan da ƙarya. A Ingila kuwa, ƙarƙashin dokar haƙƙin masu saye ta 2015, dila ba shi da ikon goge waɗannan haƙƙoƙi da wani rubutu a rasit. A Najeriya dokar 2018, wadda ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi. Inda doka ta ba ka haƙƙi kai tsaye, hatimin roba ba ya cinye shi, aikinsa kawai ya sa ka karaya ka koma gida. Ta ce namu hatimin irin wannan ne.

Abin da ta fi nanatawa shi ne lokaci. A dokar Ingila ɗin nan kwana 30 ne mutum ke da shi na mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa cif. Bayan nan dila na da damar gwada gyara sau ɗaya, kuma a cikin wata shida na farko ana ɗauka aibin da shi aka sayar, sai dila ya kawo hujjar akasin haka. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 2008, wata shida ta bayar, kuma mai saye ne ke zaɓa tsakanin gyara da musanya da mayar da kuɗi. Adadin ya bambanta, amma ko'ina kowace rana da ka yi shiru tana ƙara wa mai sayarwa ƙarfi. Ta ce gobe da safe takarda ta isa hannunsa.

Ni ta sa na rubuta da kaina. Na cika shafi biyu, ta mayar da shi rabin shafi. Duk inda na rubuta yaudara, ko ha'inci, ko zan tona asiri, ta ja layi a kai. Abin da ya rage shi ne ranar saye, lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kilomitan ranar saye da na ranar mutuwa, abin da ya faru, inda motar take, da cewa ba wanda ya buɗe injin. Sai gayyata: ya zo ko ya turo bakanikensa su duba a gabana cikin kwana bakwai. Sai buƙata ɗaya tak, ya karɓi motarsa ya mayar min da kuɗina, kuma ina jiran amsa a rubuce cikin kwana 14. Mun ɗan yi sa-in-sa kan abu biyu, ruwan da na ƙara ranar ta huɗu da kilomita biyun da na yi allura na ja. Ni so nake kar a rubuta su. Ta ce, "Ƙanena, abin da ka ɓoye da shi za a buge ka. Rubuta." Na rubuta. Washegari na kai da hannuna. Yaron Alhaji ya ƙi sa hannu a kwafina, mai karɓar kuɗi ce ta rubuta kwanan wata da sunanta. Ina fita na ɗauki hoton takardar na tura masa ta WhatsApp, ya buɗe, bai ce komai ba.

Na koma shafinsu neman tallar motar, an sauke ta. Sai uwargida ta tuna na taɓa tura mata hotonta tun ina zawarcin motar. Ga shi nan baƙi da fari: inji da giya lafiya lau, zuba mai kawai ka tafi.

A satin ne wani yaro a garejin, mai wayon kwamfuta, ya ce a bari ya jona mata na'ura, ai wannan ba buɗe inji ba ne. Na tambayi Yaya, ta ce a jona, amma in ɗauki bidiyo, kuma kar a goge komai. Ƙarƙashin sitiyari akwai wani ɗan soket mai ramuka 16, wanda ake kira OBD. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996 duk suna da shi, haka masu fetur na Turai tun 2001. Ya jona, sai ga lamba P0303, ma'ana silinda ta uku ba ta ƙona mai daidai. Hannunsa har ya nufi maɓallin gogewa, don sabonsu ke nan, na riƙe shi. Sai ya shiga wani shafi da ban san da shi ba. Ashe kwamfutar mota tana ƙirga nisan da aka yi tun ranar da aka share mata laifuffukanta na ƙarshe. Allon ya nuna kilomita 431.

Na ciro waya na duba hoton fariyata, na leƙa mita. Daga 148,212 zuwa 148,630. Kilomita 418 na yi da ita. Saura 13. Zagayen gwajin da muka yi da abokina ke nan, kusan cif. Wato gab da isowarmu, da safiyar da bonet ke da ɗumi, wani ya share abin da kwamfutar ke ƙorafi a kai, fitilar dashbod ta mutu. Na zauna kan wata tsohuwar taya na yi shiru. Na kira Yaya ina rawar murya na ce na kama shi. Ta ce ban kama kowa ba tukuna, cire kan batir ma yana iya mayar da wannan ƙirgen sifili a motoci da yawa, kuma abin da Alhaji zai ce ke nan. Haka kuwa aka yi.

Alhaji bai amsa takarda ba, amma ya san inda zai bi. Ya gano Kawu abokin wani amininsa ne. Ranar Juma'a da yamma Kawu ya kira ni gida. Saƙon shi ne in kawo motar garejinsu, ni in sayi kayan gyara, su su biya kuɗin aiki, a rufe magana. Kawu ya ce, "Ɗana, shari'a ba ta da riba. Mutumin nan babba ne, ya sauko." Na ce, "Kawu, ka yi min afuwa, in na kai ta can aka buɗe ba na nan, shaidata ta tafi. Kuma injin da ya tafasa har ya mutu, ko an gyara zuciyata ba za ta kwanta da shi ba." Na nuna masa lissafin kilomitan. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan shi da kansa ya ce ai malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan wannan, khiyarul aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ke rage masa daraja, wanda ba a nuna masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Ya ƙara da cewa sharaɗin shi ne kar ya ci gaba da morar abin bayan ya gano, don hakan alamar ya yarda ne. Ya tambaye ni ko ina hawanta. Na ce tana kulle ƙarƙashin rumfa. Ya ce to bar ta a can. Ya zo lallashi, ya koma yana ba ni fatawa.

Kwana 14 suka cika, na kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye. Fom ne, sai kwafin komai: rasit, shaidar tura kuɗi, takardata mai kwanan wata, hoton talla, hotunan mita, bidiyon na'ura. Aka ba ni lambar fayil. Daga nan sai shiru na sati uku. Wannan shi ne ɓangaren da ba wanda ke ba ka labarinsa. Kuɗinka na hannun wani, motar na shan ƙura, kai kana bin motar haya, bakanike na tambayar yaushe za a ɗauke masa ita daga rumfa. Sau biyu na je da ƙafata ina tuni. Sau ɗaya da dare na kusa kiran bakanike in ce ya buɗe kawai a gyara, na gaji.

Ranar zama Alhaji ya zo da bakanikensa da babbar riga. Jami'ar da ke sulhun, wata Hajiya mai ƙarancin magana, ta ba shi dama ya fara. Ya ce lafiya ya ba ni mota, ni na tuƙa ta da zafi har ta ƙone, ga shi ma na rubuta da hannuna. Gabana ya faɗi, na tuno gardamata da Yaya. Amma Hajiya ta ce ta gani, kuma ta ga cewa tun kwana huɗu ruwa ke raguwa, shi ma da hannuna na rubuta. Da na ɓoye na farkon, da ba wanda zai yarda da na biyun. Batun kilomita 431, bakanikensa ya ce sun cire kan batir ne da safen don su wanke shi. Hajiya ba ta ce ƙarya ba ne, ba ta ce gaskiya ba ne. Ta ce ita ba bakanike ba ce, mu zaɓi gareji na uku da ba ya hulɗa da ɗayanmu, mu raba kuɗin dubawa, kowa ya tsaya a wurin, kuma mu sa hannu tun yanzu cewa za mu karɓi rahoton.

Wani dattijon injiniya muka samu, mai farin gemu da tabarau a goshi. Ya cika ruwa, aka tayar da inji da ƙyar. Ya kafa wata kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto yana matsa ɗan balan-balan a samanta. Ko minti ɗaya ba a yi ba shuɗin ya koma rawaya, alamar hayaƙin inji na ratsawa cikin ruwa. Na kalli Alhaji da murna. Dattijon ya ce, "Kar ka yi saurin murna, ɗana. Wannan ya nuna gaskit ya ƙone yau, kuma ba wanda ya musa. Yaushe ya fara, shi muke nema."

Ya kwance fulogi huɗu ya jera a kan tsumma. Uku sun yi launin ƙasa-ƙasa na aiki, na ukun kuwa fari tas kamar an wanke shi da sabulu. Ya zura wata siririyar waya mai kyamara ta ramin fulogin, ya juyo mana allon. Kan fistin na ɗaya, na biyu da na huɗu baƙi ƙirin da dattin ƙonuwar mai. Na ukun yana ƙyalli. Ya ce ruwa ne ke ɗiga ciki yana zama tururi yana wanke shi, kuma irin wannan wankin ba aikin kilomita biyu ba ne. Sannan ya kwance ƙasan lagireto ya tari ruwan a farin bokiti. Da ya kwanta, sai ga wani toka-toka mai yauƙi a ƙasa, da ɗigo-ɗigon abu mai walƙiya kamar garin tagulla. Ya lakato da yatsa ya miƙa wa bakaniken Alhaji saitin hanci. "Ka san wannan?" Bakaniken ya sunkuyar da kai. Maganin toshe yoyo ne da ake zubawa a lagireto, yana riƙe ƙaramar ɓaraka na ɗan lokaci, daidai yadda za a sayar a rabu lafiya. Tamostat ma, mai daidaita zafin inji, babu shi, an cire. A nan Alhaji ya ce ai bakanikai da yawa a ƙasashe masu zafi suna cire shi, dattijon ya ce gaskiya ne, ba zai ɗora komai a kan wannan ba.

Rahotonsa shafi ɗaya ne, kuma bai yi wa kowa kara ba. Ya rubuta cewa yoyon ya daɗe kafin ranar saye, kuma an yi ƙoƙarin toshe shi da magani. Ya kuma rubuta cewa tuƙin da aka yi inji na tafasa ya ƙara ɓarnar, mai yiwuwa shi ya lanƙwasa tof ɗin. Layin nan na biyu ya ƙona min rai, amma ba ni da bakin musu.

A zama na biyu Alhaji ya shigo fuska a ɗaure. Kafin a ce komai ya ce, "Wallahi tallahi, Hajiya, ban san an zuba wani abu a motar nan ba. Yadda aka kawo min ita haka na sayar. Shekara ashirin ina sana'ar nan ba a taɓa kira na macuci ba." Sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, duba takardata, babu inda na ce ka sani. Cewa na yi motar da ciwonta ta zo hannuna." Ya karɓi takardar ya karanta, ina jin karo na farko ke nan da ya karanta ta har ƙarshe. Kafaɗunsa suka sauko. A nan na gane amfanin layukan da Yaya ta soke. Da kalmar ha'inci na cikin fayil ɗin, da mayar da kuɗina ya zama amsa laifi, kuma mutum irinsa zai gwammace ya kashe ninkin kuɗin a kotu da ya amsa. Har yau ban yanke hukunci a kansa ba. Wani dai ya ɗumama injin, wani ya share kwamfutar, kuma a filinsa aka yi. Ko da saninsa ko yaransa ne ke neman la'adarsu, wannan tsakaninsa da Allah.

Aka shiga lissafi. Ya yarda ya karɓi motar, amma a cire masa wani abu saboda kwana taran da na hau da kuma rabona na ɓarnar tof. Ya fara da kashi ɗaya cikin huɗu, na ce albarka. Hajiya ta bar mu muka yi ta ja, har muka tsaya a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Kuɗin janwe, rabin kuɗin dattijo, inshora da canjin takardu da na riga na biya, duk ba su dawo ba. Na fita na kira Yaya. Ta ce a kotu mai yiwuwa in samu fiye da haka, har da kuɗin janwen, amma in ƙirga watanni, in ƙirga kuɗin shigar da ƙara, in kuma tuna layi na biyu na rahoton yana nan yana jirana. Ta ce ita dai da ita ce, za ta karɓa. Na koma na karɓa.

Biya biyu ya nema, rabi a ranar, rabi bayan wata ɗaya. Yaya ta sa aka rubuta a yarjejeniyar cewa takardun mota da makullai suna hannuna sai kuɗin ƙarshe ya shiga, kuma hukumar ta buga hatiminta a kai. Na biyun ya makara da kwana tara, sai da Hajiya ta kira shi sau ɗaya. Daga ranar da motar ta mutu zuwa ranar da saƙon banki na ƙarshe ya shigo, sati goma sha ɗaya.

Yaron nan mai ɗumama inji shi aka turo da janwe. Na sa ya sa hannu a takardar da ke cewa ya karɓi mota mai lambar shasi kaza, a rana kaza, mita na kan 148,631, don dattijo ya ɗan matsa da ita a garejinsa. Wannan karon bai yi gardamar sa hannu ba. Na ba shi makulli biyu da takardu, na kwashe tabarmar salla da cajar waya daga but. Har sun ɗaure ta sun ja, sannan na tuna tankin a cike yake.